Bango, Yayan Auta

Bango ake ce masa, kuma ubansa ne ya laƙaba masa sunan. Tun yana ƙarami, duk ƙwallon da aka bugo masa a filin tanis sai ya mayar da ita, ko ta ina ta zo. Uban direba ne a wani kulob ɗin wasanni, shi ya sa 'ya'yansa biyu suka tashi a gindin raga, suna wasa da tsofaffin raket ɗin da masu hali suka yar. Bango ne babba. Ya ci gasar yara, ya ci ta matasa, har Baba ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa. Sai ƙanwarsa Auta ta kama raket.

Ran da Baba ya ga tana dukan ƙwallo kamar sun yi faɗa da ita, ana cikin cin abinci ya yanke hukunci.

"Gidan nan ba zai ɗauki 'yan wasa biyu ba," in ji shi. "Kai mayarwa ka iya, ita ta iya kisa. Daga gobe kai za ka riƙa tsaya mata a atisaye."

Mama ta buɗe baki za ta yi magana, ya watsa mata ido, ta tashi ta hau kwashe kwanuka.

Da Auta ta zama ƙwararriya, su uku, ita da Baba da Bango, suka shiga yawon gasa, yau wannan gari, mako mai zuwa wancan. Bango bai san garuruwan ba. Filin jirgi ya sani, da ɗakin otal, da ƙasan gadon Baba inda ake shimfiɗa masa katifa. Shi ke riga kowa tashi. Ya karɓo raket daga wurin mai ɗaura musu tsirkiya, ya naɗe mariƙinsu da sabon ƙyalle, ya haɗa mata ruwan sha, ya kama musu filin atisaye kafin wasu su riga su. Sannan ya zauna ya kalli bidiyon wadda za ta kara da ita, ya haddace yadda take bugu, don ya kwaikwaye ta a fili.

Dokar aikin ce mai wuya. In ya ci Auta a atisaye, Baba ya ce, "So kake ka karya mata zuciya ana gobe wasa?" In ƙwallo ta wuce shi, ya ce, "Abincin banza kake ci." Dole ya matsa mata har ta jiƙe da gumi, sannan ya faɗi ba tare da ta gane da gangan ya yi ba.

Da farko akwai daɗi a ciki. Auta takan ɓoyo masa 'ya'yan itace daga ɗakin cin abincin 'yan wasa, inda katin shaidar da ke wuyansa ba ya shigar da shi. Takan ce, "Yaya, don Allah yi min nishin da waccan doguwar ke yi in ta buga ƙwallo," ya yi, ta yi dariya har ta zube a ƙasa.

Da sunanta ya fara fita, aka ɗauko mata koci, wani siririn mutum da ba ya cire baƙin tabarau. Ya kalli wasanta, ya ce ciwonta ɗaya ne, tausayi. In abokiyar karawa ta matso kusa da raga, Auta sai ta kauce mata, maimakon ta auna jikinta. Ya sa Bango ya tsaya daf da raga, ya ce mata ta nemi ƙirjinsa.

Ta buga a gefe.

"A cikin filin nan ba ki da wa," in ji kocin.

Baba yana zaune a benci ya ce, "Buga mana, ai ba ƙwai ba ne."

Ta buga. Bango ya ji kamar an jefe shi da dutse a haƙarƙari. Ta ɗaga hannu ta ce, "Yi haƙuri, Yaya." Haka aka riƙa yi kullum bayan atisayen safe. Jikinsa ya yi baƙi-baƙi, in ya gama haɗa mata wankan ƙanƙara sai ya tsinci ragowar ƙanƙarar ya ɗora a inda ke masa ciwo. Sannu a hankali ta bar ba da haƙuri. Daga baya in ta same shi har ɗan tsalle take yi, kocin yana tafa mata.

Wata safiya rana tana haske masa fuska, ƙwallon ta zo bai gan ta ba. A idon dama ta sauka. Ya durƙusa, jini yana bin yatsunsa. Da ɗaya idon ya ga Auta ta taho wajensa.

"Koma layinki," in ji Baba. "Gobe kina da wasa."

Ta tsaya, ta dube shi, ta koma. Mai sharar fili ne ya kai shi asibiti.

Likita ya ce idon ya yage daga ciki. Aka yi masa aiki, aka ce ya kwanta rub da ciki, kuma kada ya hau jirgi sai an ba shi izini. Baba ya zo duba shi da akwati a hannu, bai ko zauna ba.

"Jirginmu da yamma ne. Ka dai san yadda aikin yake." Ya ɗauki katin wuyan Bango daga kan durowa. "Kocin ya samo wani yaro."

Washegari waya ta yi ƙara, saƙon Auta ne. Ya kara ta kusa da idon da ya rage. Ta rubuta: "Yaya, ina ka sa farin ƙyallen mariƙina?" Ya rubuta mata cewa yana aljihun gefen babbar jaka.

Idon bai dawo ba, haske kawai yake gani da shi. In zai zuba shayi sai ya zuba a gefen kofi. Sau ɗaya ya gwada raket bayan ya koma gida, ya kai duka ya sami iska, yaran kulob suka kwashe da dariya.

Yanzu shi ke ba filayen kulob ɗin ruwa, ya ja raga, ya kai tawul ɗakin wanki. Yana zaune da Mama. In ana nuna wasan Auta a talabijin ɗin ɗakin wanki, abokan aikinsa sukan ƙwala masa kira ya zo ya ga ƙanwarsa. Masu sharhi suna yabonta, wai ba wadda ke da ƙarfin halin matso mata kusa da raga.

Kwanakin baya aka kawo masa kwali daga wurinta, takalman wasa ne sababbi fil, irin waɗanda kamfani ke ba ta. Mama ta rungume kwalin ta ce, "Ka gani ko? Ba ta manta da kai ba." Awon ƙafar Auta ne. Ya sa wuƙa ya yanke bakinsu yatsunsa suka sami wurin fita. Da su yake ban ruwa.