Kunyar 'Yar Fari da Tafiyata Sifaniya

Shekarun baya, lokacin ina sakandare a unguwar Edmonton da ke London, babu darasin da na ɗauka da zafi kamar Sifaniyanci. Ni da lissafi mun daɗe da raba gari, amma Sifaniyanci ko a cikin bas ina bitarsa. In ina wanke-wanke ma magana nake yi ni kaɗai, har ƙannena suka fara cewa aljanun Yaya ba sa jin Hausa. Malamarmu Baturiya ce mai fara'a, kuma ta sha faɗa a gaban aji cewa ni ce kan gaba.

A shekarar makaranta ta ce za ta kai wasu ɗalibai kaɗan Sifaniya, malamar ce kuma za ta zaɓa. Ni dai na riga na zaɓi kaina. Har mayafin da zan ɗauki hoto da shi na ware.

Sai ranar ganawar iyaye da malamai ta zo, mahaifina yana wurin aiki, mahaifiyata ta raka ni. To ni ce 'yar fari, ita kuwa duk zamanta a London bai rage mata kunyar 'yar fari ko kaɗan ba. Ba ta kiran sunana, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", kuma ba ta yabona a gaban mutane. Haka ita ma aka yi mata.

Malama ta zauna ta yi ta zuba yabo. Mahaifiyata ta kawar da kai gefe, ta ce da Turancinta, "Wannan? Surutu ne kawai ta iya." Malama ta kawo zancen tafiyar, mahaifiyata ta ce mata, "To, za mu gani." Daga nan ta miƙe tana tambayar ina ajin ƙanena yake.

Ni ko a jikina, don na san yarenta. A hanyar gida ta tsaya shagon wani Baturke ta saya mini kaza, abin da ba ta saba ba. Kafin mako ya zagayo ta shigo da sabon akwati ta ajiye a ƙofar ɗakina ta wuce.

Ranar da aka faɗi waɗanda za su tafi, ba na ciki. Na bi malama bayan an tashi, ina zaton mantuwa ce. Ta dafa kafaɗata da muryar tausayi ta ce ba ta so ta haɗa ni rigima da gidanmu, ta ga yadda mahaifiyata ta yi, kuma ta fahimci al'adarmu, ta san ba za a bar ni ba.

Ta fahimci al'adarmu! Matar da ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ba. Ba ta kira gida ba, ba ta aika saƙo ba. Ta ga mace da hijabi ta kawar da kai, shi ke nan ta gama rubuta mana labarinmu. Wallahi da ta ce ban cancanta ba, da zan fi samun sauƙi. Na koma gida ina kuka kamar an yi mini mutuwa, majina har kan rigar makaranta.

Washegari mahaifiyata ta saka mayafinta ta ce, "Tashi mu je." A ofis ta dubi malamar ido cikin ido, ta ce ɗiyarta ce ta fi kowa ƙoƙari, ita ta san irin karatun da nake yi, kuma tana alfahari da ni. Tunda aka haife ni ban taɓa jin haka daga bakinta ba. Na san irin nauyin da ta ji kafin ta furta. Malama ta yi ja wur, ta ba da haƙuri, amma ta ce an riga an gama komai, gurbin an ba wata.

Muka hau bas za mu koma gida. Can mahaifiyata ta ce, "Sun riga sun yi booking, ko? Ki yi haƙuri, ni na jawo miki. Da na san haka suke, da na buɗe baki tun ranar."

Daga baya na ci jarrabawar da kyau, kuma da na fara aiki na je Sifaniya da ƙafata, har na yi ciniki a kasuwa aka cuce ni da yaren da nake taƙama da shi. Malamar ma na san ba mugunta ta yi niyya ba, a ganinta cetona ta yi. Tun daga lokacin nake tsoron mai tausayin da ba ya tambaya.

Tafiyar na daɗe da yafewa. Abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci shi ne, an sa mahaifiyata ta ba 'yarta haƙuri a cikin bas, alhali ba ta yi laifin komai ba.