Perpetua Alum, Zomanyar Lira (1980–2024)

Haihuwa da nasaba

An haifi Perpetua Alum a ranar Juma'a, 14 ga Maris, 1980, a garin Entebbe. Jaridu biyu sun rubuta 1981 a lokacin rasuwarta, amma katin baftismarta ya tabbatar da 1980. Mahaifinta, Yokosafati Ekwang, ɗan ƙabilar Lango ne daga yankin Aloi, kuma ya yi shekara goma sha ɗaya yana kula da dabbobin gwaji a wata cibiyar binciken magunguna. Mahaifiyarta, Kerobina Arao, ta gaji sana'ar man kaɗe daga uwa da kaka. Perpetua ita ce babba. Ƙanwarta Dorcas Awor ta biyo ta da shekara huɗu.

Aikin mahaifin shi ne ciyar da zomaye, da aske musu baya, da riƙe su a lokacin da ake shafa musu magani ko ɗiga shi a ido. A shekarar 1985 Perpetua ta kai masa abincin rana, ta leƙa ɗakin da aka hana ta shiga, ta ga fararen zomaye a jere cikin akwatuna, kawunansu kaɗai a waje. Ta tambaye shi dalilin da ya sa ba sa kuka.

"Zomo ba ya kuka, 'yar nan," in ji shi. "Shi ya sa aka zaɓe shi. Ajiye kwanon ki fita."

Ta riƙa maimaita wannan amsa har ƙarshen rayuwarta.

Karatu da fara aiki

Bayan sauyin gwamnati na watan Janairun 1986, iyalin suka koma arewacin ƙasar kamar sauran 'yan'uwansu. Perpetua ta yi firamare a Aloi daga 1987 zuwa 1993, sannan sakandare a Lira har aji huɗu. Malamanta sun shaide ta da ƙwazo a darasin halittu da rauni a darasin sinadarai, kuma ba ta samu damar gyara wannan rauni ba, domin karatun ya tsaya a 1997. A lokutan hutu takan bi mahaifiyarta tsintar ƙwarar kaɗanya, bisa ƙa'idar da kowa ya sani: ba a hawa bishiyar, ba a kaɗa ta, abin da ta yar shi ake ɗauka.

A 1999 ta tafi Kampala koyon kitso da kwalliyar amare, ta dawo Lira a 2001 ta kama aiki a wani shago kusa da babbar kasuwa. A nan ta lura da cewa hodar da ake shigowa da ita daga waje tana mai da fuskar baƙar mace kamar wadda ta faɗa toka, kuma mai kyan cikinta ta fi ƙarfin malamar firamare.

Aure da shekarun yaƙi

A watan Disambar 2003 ta auri Silvano Obua, malamin lissafi, a cocin Katolika da ke Lira. An yi bikin ba kiɗa, domin a lokacin ƙauyukan gabas sun watse saboda yaƙi, mutane sun tattaru a sansanoni. Mahaifinta ya rasu a sansani a 2004. Mahaifiyarta ta dawo wurinta da turmi ɗaya da tukunyar dafa mai, kuma da wannan tukunya aka ciyar da gidan a shekarun da aure ya yi ƙaranci, kwalliyar amare ta mutu. An haifi ɗanta na fari, Ogwal, a 2005, sannan 'yarta Ejang a 2009.

Kafa sana'a

A 2014 ta fara haɗa jan-baki a bayan gida, da man kaɗe da kakin zuma da ruwan soɓo, ta sa wa kayan sunan mahaifiyarta, Arao. Ta gindaya wa kanta sharuɗɗa biyu: farashin kada ya wuce na kwanon abinci biyu a kasuwa, kuma kada a cutar da wata halitta domin kwalliya. Tun da ba za a gwada a kan dabba ba, sai ta tsara hanyarta. Duk sabon haɗi za ta shafa shi a cikin damtsenta na hagu kwana uku. Idan bai yi ƙaiƙayi ko kumburi ba, sai ta sa shi a leɓe kwana bakwai, da shi take ci, da shi take sha. Wanda ya tsallake kwana goman nan shi ake sayarwa.

Dorcas ce ta fara ɗaukar ta a waya, a watan Yunin 2016. A wannan bidiyo na farko ana jin muryarta tana tsokana: "Yaya, ɗaga hannun mana, jama'a su ga dabbar gwajinmu."

Perpetua ta ɗaga damtse mai zane-zanen launi biyar ta ce, "Ku duba da kyau. A gidan nan ni ce zomanya, kuma ni idan ya yi zafi zan yi kuka ku ji."

Cikin mako biyu bidiyon ya zagaya Fesbuk da Instagiram. Daga nan sunan Zomanya ya bi ta, har masu babur ɗin haya suka riƙa kiran layinsu da layin Zomanya.

Jan Kwania

Matsalar da ta dame ta ita ce ja. Jan soɓo yana komawa ruwan ƙasa idan ya sha zafi, masu saye kuwa suna neman ja mai tsayawa. Wanda manyan kamfanoni ke amfani da shi, ta samu labarin daga wasu ƙwari ake niƙo shi, don haka ta ƙi shi. A watan Maris na 2017 wani ɗan kasuwa a Kampala ya nuna mata wani jan gari a buhu, ba takarda, ya ce daga dutse ake samun sa. Ta yi murna, domin dutse ba shi da rai. Ta gwada shi kwana goma, fatarta ba ta ce komai ba. Ta sa masa suna Jan Kwania, saboda kalar tafkin Kwania a lokacin faɗuwar rana.

Mijinta ya taɓa tambayar ta ko ba za a kai garin a auna ba.

"Malam, kai dai ka tsaya kan allonka," ta ce da shi. "Su auna a kan wa? Fatata ta fi zomayensu gaskiya."

"To, Maman Ogwal, ai ke ce likitan," in ji shi, maganar ta tsaya a nan. A saninta, aunawa na nufin ɗaki irin na Entebbe. Ba ta san da wani iri ba.

Ita da kanta take daka garin a turmi, ta tankaɗe, ta kwaɓa da hannu, ba ta yarda ma'aikata su taɓa shi ba sai ya zama haɗi. Haka ta yi har cikin watan tara na cikinta na uku. An haifi Akullo a watan Fabrairun 2018.

Shekarun shahara

Daga 2018 zuwa 2022 Arao ta bunƙasa ba tare da tallan rediyo ko allon titi ba. Harajin shiga kafafen sada zumunta na watan Yulin 2018 bai rage mabiyanta ba. A kullen annoba na 2020, da takunkumi ya rufe bakuna, ta koya wa 'yan mata kwalliyar ido kai-tsaye daga tsakar gida. Da aka toshe Fesbuk a Janairun 2021, suka bi ta zuwa Tiktok. Ma'aikata suka kai ashirin da uku, dukansu mata, kuma ƙungiyoyi shida na matan ƙauye ke kawo mata man kaɗe. Ɗalibai da ma'aikatan jinya da amare daga Gulu har Mbarara suka riƙa turo hotunan leɓunansu da Jan Kwania. Ƙananan kamfanoni da dama suka taso a Kampala suna kwaikwayon ɗaga damtse.

A cikin waɗannan shekaru ne Akullo ta kai huɗu ba ta haɗa kalma biyu ba. Dangi suka ce ta ɗauko shirun kakanta. Ita kuma Perpetua ta fara fama da ciwon ciki da ciwon kai da kumburin ƙafa, tana danganta su da yawan tsayuwa.

Ibtila'i da sanarwa

A watan Agustan 2023 ta faɗi a wurin aiki, aka kai ta wani asibiti a Kampala. Gwaji ya nuna ƙodojinta sun lalace, kuma jininta cike yake da gubar dalma. Likitar ta tambayi sana'arta, ta nemi a kawo Akullo da jan garin. Sakamakon Akullo ya zo daidai da abin da ake tsoro. Garin kuwa aka kai shi ɗakin awon sinadarai, inda na'ura ta gano dalmar cikin kwana huɗu, ba tare da an taɓa ko ɓera ba. Likitar ta bayyana mata cewa dalma ba ta ƙaiƙayi, ba ta kumbura fata. Taruwa take yi a jiki a hankali, kuma ta fi cutar da ɗan da ke ciki.

Perpetua ta daɗe tana kallon takardar sakamakon, sannan ta ce, "Ashe akwai injin da ba ya jin zafi. Shekara shida, yana nan Kampala."

Abin da ya rage shi ne ko za a faɗa wa masu saye. Dorcas, wadda ke kula da shafukan, ta zo da shawara a gefen gadon.

"Yaya, a canja jan a yi shiru. Abin da ke cikin sandar jan-baki ɗaya bai kai ya kawo ba, likitar ma ta faɗa. Ke da kike daka shi ne ya kama."

"Mai ciki fa? Likitar ta ce mata bai kai ya kawo ba?"

"Mata ashirin da uku ke ci a gidan nan. Na ƙauye kuma ki ce musu su sha man nasu?"

"Awor, wa ya riƙe wayar ranar da na ce idan ya yi zafi zan yi kuka?"

A ranar Asabar, 9 ga Satumba, 2023, Dorcas ce ta sake riƙe wayar. Perpetua ta bayyana ba kwalliya, ta nuna takardar, ta faɗi sunan jan da shekarun da aka sayar da shi, ta roƙi kowace mace ta daina shafa shi, mai ciki da mai goyo kuma su je a duba jininsu. Ba ta ɗora laifin a kan ɗan kasuwar ba. Ta ce ita ce ta ɗauki fatarta a matsayin hujja, alhali fata ba ta san komai ba sai zafi.

An zage ta a shafukan da aka saba yabon ta, wasu suka kira ta maƙaryaciya, wasu mayya. Hukuma ta rufe wurin aikin a watan Oktoba, ma'aikata suka watse, matan ƙauye suka koma sayar da mai a bakin hanya. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sandunan aka dawo da su. Sauran ba a san inda suka ƙare ba. Daga cikin waɗanda suka je gwaji, an samu masu ciki goma sha ɗaya da likitoci suka sa ido a kansu. Kafin ƙarshen shekarar, da yawa daga cikin ƙananan kamfanonin suka daina ɗaga damtse, suka fara ɗaga takardar awo.

Wafati da jana'iza

Ta yi wata takwas ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. Ta rasu da hantsin Litinin, 6 ga Mayu, 2024, tana da shekara arba'in da huɗu. An binne ta ranar Asabar, 11 ga wata, a gidan iyayen mijinta da ke Ogur, ƙarƙashin wata kaɗanya. Mahaifiyarta, wadda ta haura saba'in, ita ta shafe gawar da man kaɗe zalla, ta hana a sa mata komai a fuska. Tsofaffin ma'aikatanta goma sha tara sun halarta. Huɗu ba su zo ba.

Ta rasu ta bar mahaifiyarta, da mijinta, da ƙanwarta, da 'ya'ya uku: Ogwal Obua, ɗalibin kwalejin horar da malamai; Ejang Obua, 'yar aji uku a sakandare; da Akullo Obua, mai shekara shida, wadda ba a sa ta makaranta ba tukuna. Ana kai ta Kampala duk bayan wata uku a ɗebi jininta, kuma ma'aikatan jinya sun shaida cewa idan allura ta shiga, ba ta kuka.