Barcin Wuni Ɗaya da Ya Raba Ni da Barcin Dare

Ina gaida ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Na daɗe ina son rubuto muku abin da ya same ni, kunya ce ke riƙe mini hannu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

Shekaru kaɗan bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai, ina matashi, na gama lakwal, wato makarantar boko, na samu aikin yi wa shanu allurar rigakafi a Tawa. Ina da rigar kaki, ina da sabon aure, ina kuma da girman kai. Abin da nake taƙama da shi shi ne ban san gajiya ba. In mun fita daji can arewacin Adar, makiyaya kan kawo shanu bakin rijiya tun asuba, amma ni sai in raba dare ina shan shayi da su, a sha na fari, na biyu, na uku, a sake ɗora wani, ga goro a kumatu. In mun dawo gari kuma sai hira a ƙofar wani tela mai rediyo har zakara ya yi cara. Matata ta sha gaya mini jiki ba ƙarfe ba ne, ni kuwa in ce mata barci na tsofaffi ne. A hankali barcin ya yi mini yaji. In kwanta in yi ta juyi ido biyu, da rana kuma kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutse.

Maganin da muke allura da shi ba ya son zafi. A cikin akwati mai ƙanƙara muke ɗaukarsa, mu lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, mu riƙa bin inuwa da shi. Wata bazara muka sauka kusa da Tebaram, na kwana uku ban runtsa ba. Shugabanmu da direba suka tafi wani ƙauye sanar da mutane, suka bar ni da akwatin a gindin aduwa. Na jingina da itacen don in huta kaɗan. Da hantsi ne. Ban farka ba sai la'asar, inuwa ta daɗe da komawa wancan gefe, buhu ya bushe ƙayau, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. Na san maganin ya mutu. Tsoron kora ya kama ni, na jiƙa buhun na mayar, da suka dawo ban ce musu komai ba.

Akwai wani dattijo makiyayi a wurin da bai taɓa yarda a taɓa masa shanu ba. Ni ne na yi ta lallashinsa a wurin shan shayi har ya amince, yana ce mini ɗana, ina ce masa baba. Washegari ya koro garkensa duka, na bi su ɗaya bayan ɗaya na tsira musu abin da na san bai fi ruwa ba. Ya ba ni ƙwaryar nono, ya sa mini albarka. Bayan wasu watanni ciwon bushiya, annobar da muke yi wa shanu rigakafinta, ya ratso yankin, shanunsa suka yi ta zubewa. Ya tako har Tawa ya same ni a biro, wato ofishinmu. Na zaci ƙarata ya kawo, ashe tambaya ya zo yi, ko shi ne ya yi kuskure, ko ya shayar da su da wuri ne bayan allurar. Na sunkuyar da kai na ce masa ƙaddara ce. Ya ce haka ne, ya yi mini godiya, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Daga ranar ɗan barcin da ya rage mini ma ya ƙare. Na sha rubutu, na sha sassaƙe, wani da na sani a asibiti ya riƙa ba ni ƙwaya, in sha in faɗi kamar gawa, in tashi na fi jiya gajiya. Hannuna ya fara rawa har allura ta gagare ni. Aka mayar da ni tsaron kaya, daga baya na ajiye aikin da kaina.

Matata ce ta tsaya a kaina. Ta hana shayi bayan azahar, ta fitar da goro daga gidan. Tuwo kan sauka kafin magariba. In na dawo daga sallar isha'i sai ta ajiye mini ruwan ɗumi in tsoma ƙafa, ta ba ni kunu, in yi addu'ata, ta hure fitila. Kullum lokaci ɗaya, ko da baƙi a gidan. Da asuba ta tashe ni ko na yi barci ko ban yi ba, da rana kuma ba ta bari in kishingiɗa. Sai da muka shekara a haka kafin na fara samun awa biyu, wani dare uku. A nan abin ya tsaya, bai ƙara gaba ba. Wata rana na kasa daurewa na gaya mata gaskiya. Ta ce ruwan ɗumi ba zai wanke wannan ba, in tashi in nemi dattijon in roƙi gafararsa. Na je har Tebaram. Aka ce mini ya yi kudu yana kiwon shanun wani, kuma labarin rasuwarsa ya iso tun bara. Na rasa wanda zan roƙa.

Yau matar tawa ma ta riga mu gidan gaskiya. Ni ke ɗumama ruwana, ni ke kashe fitilata, a lokacin da ta saba. Ban fasa ba, amma na daina sa ran zan ƙara yin barci irin na mutane. Ina roƙon matasa, kada ku raina barci, ku ba shi lokacinsa kullum tun yana zuwa muku da kansa, don in kun hana shi da dare zai kama ku a lokacin da amanar wani ke hannunku. In kuwa kun yi kuskure, ku faɗa tun mai haƙƙin yana da rai. Ni na yi shiru don in tsira da aikina, aikin ya tafi, dattijon kuma ya mutu yana zargin kansa.