Takardar da ke Cikin Zabirar Lawal Wanzami

Idan ka tsaya a Ƙofar Kuyambana a birnin Zariya ka tambayi matasan unguwar wanda ya yi musu askin suna, mafi yawansu Malam Lawal za su ce maka. Wanzanci gadonsa ne, tun yana ɗan shekara sha biyar yake rataye da zabira. Mutum ne dogo, mai sanyin murya, ga hannu mai taushi, har mata kan ce jariri na iya barci ana yi masa aski. Yana kaciya, yana ƙaho, yana kuma ba da magani irin na iyaye da kakanni. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: aske kan ɗan da ya haifa. Shekara goma sha huɗu suna tare da matarsa Barira, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

A cikin birni kuwa, idan haihuwa ta yi jinkiri, ba a wahalar neman mai laifi, mace ake kallo. Lawal ma haka ya tashi ya gani, kuma da yake shi mai magani ne, sai ya duƙufa a kan matarsa. Babu saiwar da bai dafa mata ba, babu sassaƙen da bai jiƙa ba. Kullum da safe Barira ta toshe hanci ta shanye, ta ce Allah Ya sa a dace. A gidan suna kuwa, a bayan mata take zama. Wata ta miƙo mata jariri tana cewa, "Riƙe mana, ko Allah zai sa ki kama hannu." Barira ta yi murmushi, ta dawo gida ta shige ɗaki.

A shekara ta goma sha ɗaya da aurensu, wani ciwon mara ya kai Lawal asibiti. Likitan da ya tarar shi ne Dokta Suhaib, ɗan unguwar Kwarbai, wanda Lawal ɗin ne ya yi masa kaciya yana ɗan shekara bakwai. Bayan gwaje-gwaje, likitan ya rufe ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka gafarce ni. Maniyyinka babu ƙwayoyin haihuwa a ciki. Ga alama jiki na yin su, hanyar fitowarsu ce ta toshe. Akwai abin da za a iya yi."

Lawal bai tsaya jin abin ba. Ya ninke takardar gida huɗu, ya tura ta can ƙasan zabira, inda tsoffin asake suke. Washegari da safe, sai ga shi ya ɗora tukunyar saiwa kamar kullum. Wannan shi ne wurin da ban iya kare shi, duk da ina ganin girmansa. Shekara uku cur yana miƙa wa baiwar Allah ɗaci, alhali ya san lafiyarta ƙalau. Tsoro ne ya riƙe shi, don gani yake ranar da maganar ta fita, babu wanda zai ƙara kiran sa aski, balle neman magani.

Wata safiya ya kawo mata ƙoƙon, ta kai baki ke nan sai ya riƙe hannunta.

"Barira, ajiye. Ba ke ba ce. Ni ne."

Ta dube shi, ta ajiye ƙoƙon a hankali. "Na sani, Malam. Ranar da na ɗinke maka bakin zabira na ga takardar. Na kai wa wata malamar asibiti a Tudun Jukun ta karanta min, ban ce ta wane ne ba."

"Kika kuma ci gaba da sha?"

"To, da na daina, ai da ka gane na sani. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Lawal bai fita aiki ba ranar. Kunya irin wadda bai taɓa ji ba ta lulluɓe shi, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya yi kuka kamar yaro.

Kafin su koma wurin likita sai da ya je ya tambayi wani malami a Kwarbai. Malamin ya ce matuƙar irin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, kuma igiyar aure na nan, bai ga laifi ba. Dokta Suhaib ya tura su wani asibiti a Kaduna, ya yi musu bayani dalla-dalla. Za a sa siririyar allura a ɗebo ƙwayoyin daga marainan Lawal. Za a yi wa Barira allurai har ƙwayayenta su nuna, a ciro su. Sai a zaɓi ƙwaya ɗaya tak, a tsira ta cikin ƙwai ɗaya, idan ya kama a mayar mata cikin mahaifa.

Ranar da za a yi masa, mutumin da ya shekara talatin yana ce wa yara su daure, gumi ya rinƙa keto masa. Dokta Suhaib, wanda ya raka su, ya yi dariya ya ce, "Baba, ni fa ban yi ko gezau ba a hannunka." Lawal ya ce, "Ƙarya kake, har Ƙofar Kuyambana an ji ihunka."

A karo na farko bai kama ba. Suka dawo Zariya. Barira ce ta ce a sake. A karo na biyu ciki ya zauna, ta haifi 'ya mace.

Tun kafin suna labari ya zaga unguwa cewa maganin Lawal ya yi aiki a kan Barira. Babu wanda ya san abin da ya kai su Kaduna, an ɗauka ziyara ce. Mutane suka fara tare shi a hanya suna tambayar wace saiwa ce. Da ya yi shiru, da ya zama gawurtaccen mai maganin haihuwa a cikin birni, ita kuma ta zauna a matsayin matar da aka yi ta fama kafin ta warke.

Ranar suna da sassafe aka taru a ƙofar gida. Liman ya raɗa wa yarinya suna Radiya, aka shafa fatiha, ana rabon goro da dabino. Sai maƙwabcinsa Bahago tela, wanda shi ma shekara takwas ke nan gidansa shiru babu haihuwa, ya ɗaga murya ya ce, "Malam Lawal, ka taimake ni da irin wanda ka ba iyalinka, in kai wa tawa."

Lawal ya jawo zabira, ya zaro takardar nan da ta yi baƙi a wuraren ninki.

"Jama'a, babu maganina a cikin wannan haihuwa. Matata lafiyarta ƙalau tun ranar da aka kawo ta. Ciwon a jikina yake, likitoci ne suka yi aiki, Allah Ya ba da sa'a. Shekara goma sha huɗu ina ba ta ɗaci a banza. Bahago, kafin ka kai wa matarka komai, kai ka je a duba ka."

Wasu dattawa suka kawar da kai, don a ganinsu wannan ba maganar ƙofar gida ba ce. Akwai gidajen da tun ranar ba su sake kiran sa ba. Bahago kuwa, bayan mako biyu sai ga shi ya zo yana kame-kame, yana tambayar lambar likitan.

Da Lawal ya shiga cikin gida yin aski, ya tarar maganar ta riga shi isa. Matan sun yi cirko-cirko, masu miƙa wa Barira jarirai a da duk sun rasa inda za su sa idonsu. Aka ɗora masa yarinyar a cinya. Ya jiƙa kanta da ruwan ɗumi, ya ɗauko aska, sai hannun nan da bai taɓa rawa ba ya kama kyarma. Ya ajiye, ya sake ɗauka, ya kasa.

Barira ta taso daga kan gado, ta ratsa matan, ta zauna a gabansa, ta tallafe kan 'yarta da tafukanta biyu.

"Bismillah, Malam," ta ce. "Na riƙe maka."