Wuƙar da Ba Ta Samu Tambarin Yaya Isaka Ba

Duk wanda ya taɓa sayen wuƙa wurin Yaya Isaka a bakin babbar kwatar ruwa ta unguwar Nima ya san dokarsa: ba ya sa tambarinsa ranar da ya ƙera ta. Sai ka je ka yi aiki da ita kwana arba'in, ka dawo da ita ya shafa bakinta da babban yatsa. In ta gamshe shi, ya ɗiga mata kyandir, ya ja zane uku da allura kamar sawun kaza, ya zuba ruwan batir ya ci ƙarfen. In ba ta gamshe shi ba kuwa, ka kama gabanka.

Wani Alhaji, babban mahauci a unguwar Maamobi, ya zo ana jibi Babbar Salla, yana ta gumi.

"Isaka, sa mini tambarin yau-yau, ina sauri."

"Alhaji, ɗanka ranar da aka haife shi ka raɗa masa suna?"

"A'a, sai ran bakwai."

"To, ni 'ya'yana sai sun yi arba'in."

Ga maƙo, wayyo Allah! Bai taɓa sayen kyandir ba. Duk gidan da ya shiga gaisuwa sai ya leƙa kan taga ya tsinto guntaye ya jefa aljihu. Ran sunan jikana ma da guntu biyu ya tafi. Na yi magana, ya ce, "Auta, ai taimakonki na yi da shara."

Ni ce autarsu, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara talatin ina sayar da tuwo a Maamobi, amma wallahi ban taɓa mallakar wuƙa mai sawun kazar nan ba. Abin yana cina. Maƙwabtana duk suna da ita, har 'yar ƙabilar Ashanti mai sayar da kifi. Sau uku yana ƙera mini, sau uku yana koro ni. Ta farko, ya shafa ya ce, "Gwangwanin tumatir kika buɗe." Ta biyu, wai na sare ƙashin ƙafar saniya. Ta uku ko taɓawa bai yi ba, daga nesa ya ce, "Ta kwana a ruwa." Na ce Yaya, ni fa jininka ce! Ya ce, "Shi ya sa. In baƙo ya zubar mini da suna, an ce baƙo ne."

Na yi fushi, shekara biyu ban taka rumfarsa ba. Wannan fushin ne nake nadama yau.

Da ciwo ya kama shi, sai ga wuƙa ta huɗu ya aiko a naɗe cikin jarida, ba saƙo. Na lallaɓa ta kwana arba'in cif. Albasa da nama kawai, in goge, in shafa mai, 'ya'yana har dariya suke mini. Na kai masa ran Talata. Ya rame, ido ya faɗa. Ya daɗe yana shafa bakinta, sannan ya ce, "Ei, Auta ta girma."

Ya ɗiga kyandir, ya ɗauki allura, ya ja zane ɗaya. Hannu ya kama rawa. Ya sake gwadawa, allurar ta faɗi ƙasa. Na ce a haka ma ya isa, ya harare ni.

"Kin taɓa ganin kaza mai yatsa ɗaya? Dawo Juma'a."

Alhamis muka binne shi.

Wuƙar tana cikin akwatina, kyandir ɗin na nan a jikinta da zanensa guda. Wani maƙerin ya ce in kawo ya ƙarasa mini sauran biyun, na ce a'a, wanda ya ƙera ta ya ce in dawo. Ban ƙara yanka ko albasa da ita ba, ina tsoron kada kyandir ɗin ya ɓamɓare.

Allah Ya jiƙan Yaya Isaka, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya karɓe shi yadda ya zo, kada Ya tsananta masa dubawa kamar yadda ya riƙa duba wuƙaƙena. Amin.