Ranar da Aka Saita Mota da Gwaggo a Ciki

Ina jin, in dai da hankalina, ba zan taɓa manta ranar da na kai mahaifiyata da gwaggona wajen bakanike na zaunar da su a kan rami har kusan awa biyu ba.

Shekarar da na samu koyarwa a garinmu, can gefen Tsanyawa, na sayi wata tsohuwar mota a hannun wani saurayi ɗan birni. Ya sa an yanke mata sifirin ɗin ƙafafu don ta kwanta ƙasa, wai ado ne. Ni ba ado ya kai ni ba. Inna tana fama da ciwon gwiwa, duk sati biyu sai mun je asibiti a Kano, kuma in aka matse ta a bas sai ta kwana uku ba ta taka ba. Gwaggo ce 'yar rakiya, mace ce mai jiki, tubarkalla. A but kuma ba a rasa buhun gero na yayana da ke birni.

Matsalar ita ce tayoyin baya. Suna cinyewa ta ciki, ta waje kuwa kamar ba a taɓa hawa ba. Aka ce min alaimin ne, wato saitin ƙafafun mota. Sau uku ina kai ta birni wajen masu kwamfuta. Kafin kowane zuwa sai na kwashe komai, har tabarmar Inna da butarta da jak, na wanke ta tas. A tunanina haka ake yi, kamar yadda ake zuwa gwajin jini ba a karya ba. Su kuma su ba ni takarda mai koren rubutu, in adana ta tare da takardun makarantata.

Wata safiya, kafin mu kai Bichi, tayar baya ta fashe. Motar ta gangara a hankali ta shiga gonar dawa ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo. Inna ta fito, ta gyara mayafi, ta ce, “Na yafe maka. Amma daga yau bas zan shiga.”

A iya fahimtata tana da gaskiya. Sai dai na san abin da bas zai yi wa gwiwar nan.

Mai facin da ya taimake mu ne ya tura ni wajen wani tsohon bakanike a Tsanyawa, ba nisa da gidanmu, wanda yake saiti da zare. Na je da takarduna uku. Bai karɓa ba. Ya durƙusa ya shafa tayar da tafin hannu, ya ce, “Malam, wa kake ɗauka?”

Na lissafa masa.

“Da ka kai ta saitin, wa ke ciki?”

Na ce, “Ba kowa, Baba. Har jak na cire.” Ina jin ma da ɗan alfahari na faɗa.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, “To motar da suka saita daban, wadda kake tuƙawa daban. Wannan an riga an rage mata ƙafa. Nauyi na hawa sai ta buɗe kamar agwagwa. Je ka kawo min mutanenka.”

Na tambaya ko akwai wani littafi da ya faɗi haka. Ya ce ga taya nan in karanta.

Kwana uku ina lallaɓar Inna. Abin da ya sa ta yarda shi ne na yi mata alkawarin zama kawai za ta yi, motar ba za ta motsa da ita ba. A ƙafa ta zo, a hankali. Gwaggo kuwa ko musu ba ta yi ba, ta dai ce ba mai zauna mata a gefenta.

Da ƙyar motar ta hau bakin ramin gyaran, sai da aka shimfiɗa mata katako biyu. Aka sa buhu a but, suka shiga, ni ma aka ce in koma mazaunina. Tsohon ya kewaye mu da zare, ya shige ƙasa da sifana.

Can sai muka ji murya daga ƙarƙashinmu: “Hajiyar dama, a daina motsi.”

Gwaggo ta ce, “Goro nake nema, bawan Allah. Ko shi ma sai an auna?”

“In babba ne.”

Inna ba ta yi dariya ba, amma na ga ta rufe baki da mayafi. Ta leƙa ta taga ta ce, “Malam, tsakaninka da Allah, laifin wa ne?”

Ya ce, “Hajiya, ɗanki ba shi da ganganci. Tsafta ce ta yi masa yawa.”

Da ya gama ya fito, sai na tambaye shi yadda zan yi in ni kaɗai ne a motar. Ya ce in ɗora buhu a mazaunin Gwaggo. Ta ce buhu nawa? Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce, “Ɗaya da rabi.” Ta ce ya yi mata adalci.

Na buɗe wa Inna ƙofa don in cika alkawari. Ba ta sauka ba. Ta ce, “Rufe. Da wannan ranar zan koma a ƙafa?” Muna isa ƙofar gida ta tambaye ni ƙarfe nawa za mu tashi zuwa asibiti ranar Alhamis.

Tayoyin da na sa bayan nan sun raka mu har aka sallame ta daga asibitin. Ba zan ce zare ya fi kwamfuta ba, ba ni da wannan ilimin. Abin da na koya dai shi ne, in za ka je wajen mai gyara, ka je masa da nauyin da kake ɗauka kullum. Ni na yi ta ɓoye nawa don a ga na kintsa, aka yi ta gyara min motar da ba tawa ba.