Gadon bandar Baba da allon Yaya Sagir

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta masa wani abu mai taushi, a kan ƙanshin hayaƙin da ba ya barin rigarsa ko an wanke ta. Amma raina a ɓace yake, kuma wata kalmar Turanci ce ta ƙara hura min shi.

Baba mai banda ne a kasuwar Maigatari, daga Gumel yake zuwa. A bayan rumfarsa akwai wani gado na itace: gwafa huɗu na ƙirya da ya kafa tun ba a haife ni ba, an jera sanduna a samansu. A kai yake shimfiɗa nama, ya hura 'yar wuta can ƙasa, wutar da ba ta ci, sai hayaƙi. Nama ya yini, ya kwana. Direbobin Damagaram da Fulanin Gagarawa da Sule Tankarkar ke saye, domin guzuri ne da ba ya lalacewa a hanya. In wani ya matsa masa, sai Baba ya ce, "Wannan na gobe ne. Na yau tun jiya na ɗora shi."

Da ya rasu, yayana Sagir ya gaji rumfar. Ya sayo murhun ƙarfe mai murfi da kujerun roba, ya sa aka rubuta masa BARBECUE da jan fenti a allo. Na ƙyale shi, yana da iyali. Sai kwanan baya ya gaya wa Inna zai cire gadon, wai ya tare wuri, kuma samari ba sa zama inda ake banda.

Abin ya tsaya min, har na ɗauki waya na binciko wannan kalma da ta fi gadon Baba daraja. Ashe ma ba ta Ingilishi ba ce. Daga tsibiran Karibiyan ta fito, inda Sifaniyawa suka tarar da mutanen wurin suna kafa gwafanni, su jera sanduna a sama, su ɗora nama ko kifi a kan ƙaramar wuta har ya bushe. Barbacoa suke kiran abin. Sifaniyawa suka ara, Turawan Ingilishi suka karɓa daga wurinsu, a hankali sunan ya koma kan murhun ƙarfe, da naman, har da taron cin naman. Na ajiye wayar ina dariyar takaici. Sunan gadon Baba ne Yaya ya rubuta a gaban rumfa, ga shi kuma yana neman tumɓuke gadon a bayanta!

Ranar kasuwa na tafi Maigatari da murnata, na ɗauka na samo abin da zai hana shi.

"Yaya, ka san abin da ke jikin allon nan kuwa? Sunan gadon Baba ne."

"Ke dai da karatunki, Hadiza. Zauna a kawo miki tsire."

"Ina gadon?"

Ya nuna murhun da haɓa. "Ƙirya ce fa. Babu itacen da ya kai ta riƙe wuta."

Na zagaya baya. Ramuka uku na gani, an jera kujeru a kansu. Gwafa ɗaya ce ta rage, ta ƙi tumɓukuwa.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Baba zai leƙo yau, me zai ce? Ba na jin kalmar za ta dame shi, mutum ne da ya cika bakinsa da baƙin kalmomin direbobin Damagaram. Ƙarfen ma ba zai ƙi ba. Abin da zai tambaya shi ne mai tafiya nesa, wa ke yi masa guzuri? Ina tsaye a wurin wani dattijon Bafulatani ya zo neman banda. Yaya ya miƙa masa tsire mai zafi. Dattijon ya duba, ya ce, "Yaro, wannan ba zai kai ni gida ba." Ya saɓa sandarsa ya wuce.

Na roƙi Yaya kada ya sa diga a gwafar da ta rage. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, dama a jikinta zai rataye allon, don iska na yawan kayar masa da shi.

Can kuwa allon yake yanzu. Ban sani ba ko in yi kuka ko in gode. Rumfar na nan, ciniki na tafiya, sunan Baba ma ana kamawa in ana kwatance. Amma a cikin aikin hannunsa, abin da ya tsira ke nan: ice ɗaya baƙi, ɗauke da sunan abin da aka ƙone. Kafin in tafi na kai hancina jikinsa. Har yanzu yana ƙanshin rigar Baba.